Igiyar Tsoho Mai Sili Uku

Da la'asar motar iri za ta bar Gangara. Sharaɗin buro, ofishin gonar da ya turo ta, ɗaya ne: gari ya yarda a daina sare tohon kututture a gonaki, in ba haka ba buhunan irin gero su wuce Gazawa.

Damina biyu ke nan ba ruwan kirki. Furera, malamar gona, ƴar garin ce, ta san an cinye iri tun bara.

A gaban taron gari, maza da mata, ta jingina allon da aka ba ta a Maradi, duk akwatuna da kibiyoyi, ta fara yadda aka koya mata: "Gari kamar inji yake..."

"Injin niƙanmu wata tara da mutuwa," in ji Iro, sarkin noma. "Fatan da kike mana ke nan?"

Aka kwashe da dariya.

Iro ya ƙara: "Malama, nan wanda ya bar sabara ta toho a gonarsa rago ne. Ko gayya ba a kiransa."

Direba ya duba agogo.

Can bakin rijiya Furera ta hango kakanta, Tsoho, yana tufka.

"Maigida, ara mini igiyarka."

"Amarya ba tuwo, sai aro," ya ce, ya miƙa mata.

Ta ɗaura guga, ta ba Iro wuƙa.

"Baba Iro, sili nawa ka gani?"

"Uku."

"Wannan gero, wannan dabbobi, wannan icce. Yanke na iccen, tunda na ragwaye ne, sai ka jawo mana ruwa."

Iro ya yanke, ya zura guga. Da ya cika ya taso, sai sauran biyun suka fara warwarewa. Mata suka yi salati, gugan da ya rage wa unguwar ke nan. Iro ya faɗi a gwiwa, ya cafko igiyar ƙasa da yankan, ya fiddo ruwan yana haki.

"Na icce kaɗai na taɓa," ya ce a hankali.

"Haka gonar take. Ba icce, iska ta kwashe ƙasa, akuya ta rasa ganye, taki ya ƙare."

Iro ya daɗe yana kallon tafinsa da igiya ta goge.

"Daga gonata za a fara. Mai kirana rago ya zo ya ja ruwa da wannan igiya." Ya juya. "Direba, sauke kayan."

Tsoho ya jawo igiyarsa yana mita, ya tofa yawu a tafi, ya soma haɗa silin.