Rana a Gabanta, Rana a Bayansa

Malama ta shigo falo da madubin gefen motarta a hannu, wayoyinsa suna reto, ta dangwara shi a kan taswirar da mijinta ya shimfiɗa a tebur. Ko sallama ba ta yi ba. Sai da ta ga Yaya, babbar yayar mijin, zaune a kujera da kofin shayi, sannan ta rusuna ta gaishe ta da muryar da ita kanta ta san ba tata ba ce.

"Subhanallahi! Me ya faru kuma?" in ji Safiyo. Haka kowa yake kiransa, don awon filaye ne aikinsa.

"Saura ƙiris na kashe mutum, shi ne ya faru."

Ga yadda zamansu yake. Malama tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a birnin da ke gabas. Ofishin Safiyo yana birnin da ke yamma. Da aka ɗaura musu aure, shi ya ɗauko taswira da rula ya auna, ya ɗora yatsa a kan wani ɗan gari da ke tsakanin biranen biyu, ya ce nan ne adalci, babu wanda zai fi wani tafiya. Ita kuwa a lokacin har daɗi ta ji, tana ta yi wa ƙawaye burga ta samu miji mai lissafi. Lissafi! Abin da rular ba ta auna ba shi ne rana. Da safe Malama gabas take nufa, rana tana fitowa tsaf a cikin idonta. Da yamma ta juyo yamma, rana tana faɗuwa, nan ma a cikin idonta. Shi kuwa gogan, safe da yamma rana tana bayansa, yana tafe yana sauraron rediyo abinsa.

Babu abin da ba ta gwada ba. Ta sayi baƙin tabarau. Ta sa matashi a kujera saboda gajeriya ce, abin tare ranar da ke saman gilashi ba ya kai mata. Ta gwada sammako, sai ta tarar da ƙofar ɗakin gwajin a kulle, ta zauna a benci kamar mai jiran ganin likita. In ta isa aiki ta kafa ido a madubin gwaji, sai ta riƙa ganin ɗigo-ɗigo kore suna yawo, ba ta san na idonta ba ne ko na jinin mara lafiya, sai ta jira sun washe. Duk sanda ta yi masa maganar, amsarsa ɗaya ce, kuma da dariya yake ba ta: "To ni na rataya ranar?"

Yau kuma da yamma, daidai gangaren wata gada inda hanya take miƙewa, gilashin motar ya zama fari fat. Ba ta ga komai ba sai ƙara da ta ji. Wani dattijo ne yake tura keke a gefen titi, madubin ya daki hannun keken, ya watsar da shi da kayansa a cikin ciyawa. Allah ya tsare, gwiwa kawai ya kurje. Abin da ya fi ci mata rai, shi ne ya tashi yana kakkaɓe riga yana ba ta haƙuri, wai ya san ba ta gan shi ba.

Ta zayyana musu wannan duka a tsaye, ko jaka ba ta sauke ba.

"To alhamdulillahi tunda abin ya zo da sauƙi," in ji Safiyo. "Gobe a kai wa bakanike ya mayar da madubin."

"Madubin? Ina gaya maka na kusa taka ɗan Adam, kai madubi ka ji?"

"To me kike so na yi?"

"Mai gidan nan yana jiran amsarmu, ko za mu sabunta haya ko ba za mu sabunta ba. Ka gaya masa tashi za mu yi."

Ya ɗaga madubin daga kan taswirarsa da yatsu biyu, ya hure ɓurɓushin gilashin. Wannan hurewar ta ƙara tunzura ta.

"Haba, Malama. Mutum ya tashi daga gida saboda rana? Wa zan gaya wa wannan bai yi mini dariya ba? Ki riƙa tafiya a hankali mana. Gidan nan a tsakiya yake cif, ni na auna."

"Ka auna ƙasa dai. Ni kuma da ido nake tuƙi."

Yaya, baiwar Allah, so take ta kashe wutar. A garin take zaune tun tuni, takan leƙo su jefi-jefi, kuma ta tsani ta ga ana ɗaga murya. Ta ajiye kofi tana dariya.

"Ke dai yi haƙuri, matar ƙanina. Hanyar nan muguwa ce, shi ma ya ɗanɗana. Kai, ka manta lokacin da kake gwauro a ɗakin ƙofar gidana, da aka tura ka aikin awo can gabas? Kullum sai ya dawo ido jajir kamar wanda ya sha hayaƙi, ina jiƙa masa tsumma yana ɗorawa. Har rantsuwa ya yi, ya ce shi da aikin da zai sa ya fuskanci rana safe da yamma har abada, sai da ya yi ta bin manya aka mayar da shi yamma..."

Maganar ta mutu a bakinta, don ta ga fuskar ƙaninta. Safiyo ya yi tsuru-tsuru, ya shiga naɗe taswira kamar ita ce ta yi laifin.

Malama ta juya ta kafa wa mijinta ido. Da ta ɗauka rashin sani ne. Rashin sani ana yafe shi, ana ma iya yi masa dariya wata rana. Ashe mutumin nan da ya ɗora yatsa a taswira yana murmushi ya san sarai wanda zai sha ranar. Ashe duk "ni na rataya ranar" ɗin nan rainin hankali ne.

"Ka sani," ta ce.

"Ba haka ba ne, abin ya daɗe..."

"Ka sani! Ka bi hanyar, ta ƙona maka ido, ka gudu, sannan ka ɗauko ni ka ɗora a kanta, ka ce adalci. Ina dawowa ido yana zubar ruwa, kana ce mini ko kwalli ne bai karɓe ni ba. Kwalli! Wallahi ka cuce ni."

"Ki rage murya, Yaya tana nan."

"Gara da tana nan. Ba don ita ba, da har na mutu a hanyar nan ina ganin laifin idona."

Yaya ta lallaɓa ta ɗauki mayafinta ta ce bari ta leƙa kicin, alhali babu abin da ta ɗora.

Malama ta fizge taswirar daga hannunsa ta sake shimfiɗawa, ta danne gefe ɗaya da fasasshen madubin. Ta ɗora yatsa a unguwannin da ke bayan asibitinsu, can ƙarshen gabas.

"Kai ne masanin gabas da yamma, to duba. In muka zauna nan, da safe ni da kai duk yamma za mu nufa, rana tana bayanmu. Da yamma mu dawo gabas, tana bayanmu. Babu wanda za ta daka. Ko ƙarya na yi?"

Ya sunkuya yana bin taswirar da yatsa.

"Na ce ko ƙarya na yi?"

"Tafiyata za ta ninka," ya ce a hankali.

"Za ta ninka, amma za ka ga abin da ke gabanka."

"Ki bari mu yi tunani. Ba a yanke irin wannan cikin fushi."

"Kai da ka yanke naka cikin natsuwa, ga abin da ya haifar."

Ta shige ɗaki ta jawo akwati daga saman kabad. Akwai abokiyar aikinta da ke zaune ita kaɗai a bayan asibitin, ta sha yi mata tayin ɗaki. Ta kira ta, magana ba ta yi tsawo ba. Safiyo ya tsaya a bakin ƙofa yana ta "haba, haba", ita kuwa tana ninke fararen rigunan aiki, ko kallo bai ishe ta ba. Ta ce masa ba yaji ta yi ba, kada ma ya aika kowa biko. In daren nan ya wuce, gida ne ba za ta ƙara kwana a cikinsa ta tashi ta shiga hanyar nan ba. Ran da ya samo musu wani a gabas, ya san inda take.

Washegari da safe ta saka akwatin a bayan mota. Wayoyin madubin suna nan suna reto a jikin ƙofa. Safiyo ya buɗe mata get da kansa, bai ko wanke fuska ba. Ta tayar da mota, ta gyara matashin da take zama a kai, ta saka tabarau. Sai ya ɗaga kai ya dubi sama, ya matso ya ƙwanƙwasa gilashi. Ta sauke kaɗan.

"Ki ɗan jira ta ɗaga," ya ce. "Yanzu ne ta fi muni. In kin hau gadar nan ba za ki ga komai ba."

Ta cire tabarau ta dube shi sosai, da idanun nan da suka yi ja.

"Ashe har gadar ka sani."

Ta ɗage gilashinta, ta fita ta karya kan motar gabas.