Mutum Ɗaya da Ya Rage a Tsohuwar Saba

Wata masana'antar robobi a Challawa tana da saba uku, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafin da diloli ke odar bokitai, ma'aikata kuma ke duba jadawalin aikinsu. Biyu sababbi ne. Ta ukun ta tsufa har fankarta na kuka kamar injin markaɗe, ita kuma aka ce Zuwaira ta cire ranar Laraba.

Zuwaira watanta biyu da kama aiki, ba a ma tabbatar da ita ba. Manaja Alhaji Ashafa, mutumin da linzamin kwamfuta ma da hannu biyu yake kama shi, ya kafa mata sharaɗi a gaban jama'a.

"Mutum ɗaya ya yi ƙorafi, ki kwashe komatsanki."

"Ranka ya daɗe, kamar rufe kanti ne," ta ce. "Za mu daina shigar da sababbi, mu tura su sauran biyun. Na ciki mu bar su su gama, su fita da ƙafarsu. In ta zama wayam sai mu kashe."

Ƙarfe tara ta rufe ƙofar shiga. Mutum sittin da huɗu ne a ciki. Kafin sha ɗaya sun koma ashirin, daga nan biyar. Ana idar da azahar saura ɗaya, wannan ɗayan kuwa ya kafe ya ƙi motsi.

Abin da ba a gaya mata ba shi ne, Alhaji ya riga ya yi wa ƙanin matarsa, Sagir, kyautar tsohuwar kwamfutar. Sagir na bakin ƙofa da adaidaita sahu tun hantsi, sai buga wa Alhaji waya yake. Alhaji ya faɗo ɗakin da muƙarrabansa uku a baya, yana huci.

"Wa muke jira?"

Zuwaira ta duba sunan. Ai Alhajin ne da kansa. Tun safe yake shigar da jadawalin wata, sunaye ɗari biyu da 'yan kai, da yatsa ɗaya, bai kuma adana ko ɗaya ba ya miƙe ya tafi cin abinci.

"Ranka ya daɗe, mutumin nan ai…"

"Kar ma ki gaya mini sunansa. Duk wanda zai shiga shafi tun safe ya kasa fita, jaki ne."

Muƙarrabai suka yi dariyar da ake biyansu dominta. To, yaya za ta faɗi sunan jakin yanzu? Ta sassauta murya.

"Da za ku ɗan leƙa ofishinku tukuna."

"Kora ta za ki yi? Karatun naku ke nan, a zuba wa allo ido?"

Ya sunkuya da babbar rigarsa, ya finciko wayar wutar. Fankar ta yi shiru. Ya karkaɗe hannu ya dubi mutanensa. "Aikin minti ɗaya, an kwashe mana yini guda."

Ko minti goma ba a yi ba sai ga shi ya dawo, hula a karkace. Jadawalinsa ya bi ruwa. Ya ce ga ƙorafi nan ya samu, kuma magana ɗaya yake yi, ta tattara ta tafi.

Zuwaira ta jawo aljihun teburi, ta zaro takardar ƙorafi, wadda shi da kansa ya ƙirƙiro, yake kuma taƙama da ita a kowane taro, don kai tsaye take zuwa teburin mai kamfani. Ta miƙa masa da hannu biyu, har da ɗan rusunawa.

"Sai ku cike, ranka ya daɗe. Gurbi biyu ne. Na sama sunan mai ƙorafi, na ƙasa sunan wanda ya jawo matsalar."

Muƙarrabai suka shiga kallon silin. Alhaji ya daɗe yana duban takardar. Can ya ninke ta huɗu, ya cusa a aljihu.

"Wa ya ce an yi ƙorafi? Aiki ya yi kyau." Ya juya zai fita, sai ya tsaya a bakin ƙofa, bai waiwayo ba. "Kin iya buga sunaye da sauri?"