Masakin Goggo Tasalla da Bokitin Kanti

Daddawata ta kama. Gara in faɗa tun farko, don in na riƙe maganar har ƙarshe cikina fashewa zai yi. Ta kama, kuma Goggo Tasalla da bakinta tac ce ta kama. Amma kwana ukun da na yi kafin nan, ko maƙiyina ban yi mishi fatansu.

Ina gidan Goggo ne wankan jego, nan bayan Hubbare. Ƙanwar babana ce, ita ta riƙe ni tun rasuwar uwata, don haka da na haihu gidanta anka kawo ni. Mace na samu. Sunanta ba zai hito bakina ba, ɗiyar fari ce, da kunya. In ba kowa ɗaki kuwa, ni na san abin da nake yi da kumatun nan.

Goggo shekara talatin tana daddawa, sana'ar da ta gada wajen uwarta, kakata. Masu ziyarar Hubbare, na Gwandu da na Katsina, ba su komawa gida sai sun biyo ƙofarta. Bana hannunta ya fara rawa, taɓarya tana kuɓuce mata. Ran da na cika kwana talatin da haihuwa ta zauna bakin gadona tac ce, "Zulaihatu, wagga kalwa da ke buhu ke za ki yi ta. In ta kama, sana'a taki ce, ke da ɗiyarki bayanki. In ba ta kama ba, Ladi ta daɗe tana roƙona in koya mata."

Ladi maƙwabciyarmu ce, ba ni da faɗa da ita. Amma sana'ar kakata ta tsallake zana ta koma wani gida ina zaune? Tun daga lokacin zama ya gagare ni.

Mun dafa kalwa wuni guda, munka surfe ta da toka, munka wanke, munka sake dafawa. Saura rufi, wato a zuba ta da zafinta cikin wani abu a lulluɓe kwana uku har ta nuna. Nan ne daddawa take zama daddawa, ko ta zama abin zubarwa bayan gida.

Ana gobe rufi maigidana ya zo gaisuwa. Fatar jar akuya yake saye yana kai wa Nasara kanti, can kuma ya ga wani abu ya sayo mini. Bai shigo ba, zaure ya tsaya, ni ina bayan zana ina saurare.

"Mode, wanga ƙarfe mi ne?" in ji Goggo.

"Bokiti sunanshi, Goggo. Ba ya tsagewa, ba ya yoyo, gara ba ta cinshi."

"Mi aka yi da shi?"

"Komi da komi."

"To, Allah shi yi albarka. Ni dai ban taɓa ganin abin da ya iya komi ba sai bakin mahauci."

Ya yi dariya ya tahi. Ni kuwa da bokitin ya shigo hannuna, na ga huskata ciki. Wallahi sai da na gyara ɗaurin kallabi.

Da safe anka aiko wa Goggo rasuwa can wajen kasuwa. Tana yafa zane tac ce, "Kalwa na kan wuta. In ta yi ki sauke, ki zaɓi abin zubawa da kanki. Daga zaɓi aka gane mai daddawa."

Na shiga ɗakin ajiya na ɗauko masakinta, babbar ƙwaryar da take rufi ciki. Baƙi ƙirin, ɗinki biyu a baki, ga wari. Mata na ta shigowa barka, kullum ina jin kunyar su gan shi. Nic ce yau dai zan nuna wa Goggo tsabta. Na sa toka da rairayi na dirje shi, na kankare, na sake dirjewa, sai da ya koma fari awa sabo. Na ɗaga shi ga rana, sai na hango haske ta wajen ɗinkin. Raina ya ce, abin da ke da ƙofa ga abin da ba shi da ita? Na kife masaki, na juye kalwata cikin bokiti, na rufe da sabon faifai, na zauna ina jiran yabo.

Goggo ta dawo da azahar. Ba bokitin ta fara gani ba. Masakin ta gani.

"Wa ya wanke wanga?"

"Ni ce, Goggo."

"Da mi?"

"Toka. Da rairayi."

Ta zauna kan turmi. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Tana shafa cikin masakin da tafin hannu tac ce, "Baƙin nan da kika kankare, shi ke nunar da kalwa. Tun hannun uwata yake taruwa. Ɗauraya kaɗai aka yi mishi."

Sannan ta nuna bokiti da haɓa. "Taɓa."

Na taɓa. Sanyi ƙalau, awa bakin rijiya.

"Goggo, mi zan yi?"

"Na ce ke za ki yi ta." Ta ɗauki buta ta tahi alwala.

Na shiga ɗaki, na hito. Na ba yarinya nono, na kwantar, na sake ɗauka ba ta ko yi kuka ba. Na karanta duk abin da na riƙe daga allo, ba shi da yawa, na maimaita. Da la'asar Goggo ta kira ni wanka, ta tsoma ganyen runhu cikin tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini a baya. Na gama na hau gadon ƙasa, garwashi na ƙarƙashi yana gasa ni yadda aka yi wa kowace mai jego.

Ina kwance gumi na zuba, sai abin ya faɗo mini. Ni da nake mutum, wata guda ana tsare ni da zafi kar sanyi ya shige ni. Kalwa ita ma zafi take so, ni kuma na zuba ta cikin ƙarfe na bar ta tsakar gida.

Na diro. Na karkata bokiti, ga ruwa kwance ƙasanshi, don ba shi da inda zai tsane. Ashe ƙofar ɗinkin da na raina aikinta ke nan. Na tsane kalwar a kwando, na mayar da ita tukunya ta ɗauki zafi, na shimfiɗa ganye cikin masaki na juye. Saura baƙin da na kankare. Wanga ba a sayenshi kasuwa.

Hancina ne ya cece ni. Ina tsaye ƙarƙashin rumfa sai na ji warin nan, wanda na tsana. Na ɗaga kai, ga tsohon faifan rufi da tsumman da Goggo take naɗe masaki, a soke cikin rufin rumfa. Da safe ban gan su ba, da su ma sun sha toka. Faifan baƙi ne har yana danƙo. Na kife shi kan kalwa, na naɗe da tsumma, na kai gindin gadona inda ɗumi yake.

Goggo na bakin ƙofa tana kallo. Abin da tac ce kawai, "Ba a buɗewa sai kwana uku."

Kwana uku. Ranar farko na shinshina tsumman ya fi sau ashirin. Rana ta biyu Ladi ta shigo da kunun kanwa, tana baza hanci.

"Mai jego, na ji har masaki kin yi wa wankan jego."

"Kunun kika kawo ko magana?"

"Duka biyu. Sha da zafi. In ba ta kama ba kar ki damu, zan riƙa aiko miki da ta miya."

Na sha kunun, don yana da daɗi.

Bayan ta hita na zura hannu ƙarƙashin tsumma. Da ɗumi. To ɗumin kalwa ne, ko na garwashina? Ba yadda zan sani. Sai na janye garwashin duka daga ƙarƙashin gado, na zauna tun hantsi har azahar kan gado mai sanyi. Goggo ta shigo ta gani.

"Ke, so kike ki kashe kanki a gidana? Mi zan ce wa Mode?"

"Goggo, taɓa."

Ta duƙa ta sa hannu. Gado ya huce, masaki na nan da zafinshi, nashi na kanshi. Ta daɗe ba ta cire hannun ba. Sannan ta miƙe tac ce, "Mayar da wuta," ta hita. Amma na ga murmushi a bakinta.

Yau da hantsi kwana uku sunka cika. Tun kafin a buɗe wari ya cika ɗaki, har yarinya ta yi atishawa. Goggo ta kwance tsumma, ta ɗaga faifai. Kalwa ta yi baƙi, ta yi laushi, Goggo ta ɗebo da yatsa sai ga yauƙi yana bin hannunta awa zare. Ta sa a harshe.

Ba ni ta duba ba. Yarinya ta ɗauka ta ɗora a cinya tac ce, "Sadiyatu, uwarki ta wanke mana fiye da shekara talatin da toka. Amma ta kama. Ku biyu za ku mayar mini da baƙin nan."

Ta tura masakin da ƙafa har gabana.

Bokiti kuwa, da shi aka kawo mini ruwan wanka ɗazu, kuma gaskiya ba ya yoyo. Maigidan ya leƙo zaure yana tambaya ko ya yi amfani, Goggo tac ce mishi ƙwarai, shi ya koya wa matarshi daddawa. Ya tahi yana murna, ban kuma da niyyar gyara mishi zancen.

Ga turmi can an kafa, Ladi ta ce za ta kama mini daka. Masakin na ɗauraye shi da ruwa zalla, sau ɗaya, na kife inuwa. Cikinshi ya fara yin baƙi kaɗan ta wajen ɗinkin.