Ƙawar Auta Mai Tabarau

A bakin ofishin shugaban makaranta muke jira a kira mu. Ni da ba a taka ni in yi shiru, sai ga ni ina neman bangon da zan jingina. Auta, 'yata mai shekara goma sha biyar, tana gefena tana murza bakin hannun rigarta.

Haka Allah ya yi ta. Hayaniya na shigar mata kai kamar ana buga ƙusa, ba ta iya kallon idon mutum, in aka canja mata wurin zama to ranar ta lalace. A makon da ya wuce yara suka ɓarke da ihu a aji, ta fita a guje, ta wuce mai gadi, ta faɗa titi. Da ƙyar direban wata babbar mota ya taka birki. Shugaban makaranta bai ɓoye min ba: in ofishin ilimi bai ba ta malamar da za ta riƙa kula da ita ba, in riƙe abata a gida, shi ba zai ɗauki alhakin rai ba. A gida kuma wa zai zauna da ita? Ni tun safe ina ɗakin wankin asibiti.

Jami'ar da ofishin ilimi ya turo don ta duba ta mace ce mai fara'a. Ta buɗe biro ta ce, “Ya makaranta, 'yammata?”

“Lafiya lau, Malama. Na gode.”

Har da murmushi! Har da kallon tsakanin girar matar, yadda na koya mata don mutane su ɗauka idonsu take kallo. Shekara da shekaru ina fama da ita a kan gaisuwar nan, sai yau da nake so a ga halin da take ciki ta kawo ta tiryan-tiryan, ba ko tuntuɓe.

“Kina da ƙawaye?”

“Ina da ƙawa mai tabarau. Tare muke cin abinci lokacin hutu.”

Jami'ar ta juya wajen shugaban makaranta. “Ai ni ban ga abin tashin hankali ba, Malam. Tana amsa tambaya, tana da abokiyar hira. Akwai yaran da suka fi ta buƙata suna jira.” Ta rufe bironta.

Wallahi ƙarar birkin nan na ji a kunnena, ni da ban ma ga abin da idona ba. Na san babu wata mai tabarau. Baba mai shara ne ya ja ni gefe tun farkon zango ya gaya min: a ɗakin ajiye tsintsiya Auta take yin hutunta ita kaɗai, cikin duhu, shi yake bar mata ƙofar a buɗe. Amma kullum da yamma sai ta zauna ta ba ni labarin ƙawar nan, ni kuma in yi ta gyaɗa kai, har biskit nake ƙara mata a jaka in ce ta ba ƙawar.

Na ce, “Malama, don Allah ko Auta za ta ɗan jira a waje?”

Shugaban makaranta ya girgiza kai. “Yanzu za a kaɗa ƙararrawa, Maman Auta. Ga ƙofar titi nan kusa.”

To, a gabanta ke nan. Na kasa ko duban inda take.

“Malama, babu wata ƙawa. Tun da ta shigo makarantar nan ba wanda ya taɓa zama kusa da ita. Cikin tsintsiya da bokiti take cin abincinta. A kira mai shara a tambaye shi.”

Auta ta fara jijjiga gaba da baya, tana wani gunji ƙasa-ƙasa. Sai ƙararrawa ta ɗauka, yara suka ɓarko da ihu ta bayan taga. Ta zame daga kujera ta shige ƙarƙashin tebur, tana dukan kunnuwanta da tafin hannu. Na durƙusa zan riƙe ta, ta janye ƙafarta kamar na taɓa ta da wuta.

Jami'ar ta daɗe tana kallonta, fara'ar nan duk ta gudu. Ta sake buɗe biron. “Za a ba ta malama. Ni zan tsaya a kai da kaina.”

Na yi godiya har bakina na harɗewa, amma tsoron bai sake ni ba. Sai da aka koma aji, tsakar makaranta ta yi tsit, sannan Auta ta fito. A hanya na bi ta ɓangaren motoci, ita tana bin jikin katanga, har muka kai tasha.

“Umma, tun yaushe kika sani?”

“Tun farkon zango, 'yar albarka. Ki yi haƙuri.”

Ta kalli takalminta. “In na ba ki labarinta kina cinye abincinki. Shi ya sa.” Ta murza bakin hannun rigarta. “To gobe in na dawo, me zan ce miki?”