Gilashin Baya

Filin padel ɗin, wasan nan mai kama da tanis, yana cikin wani tsohon sito, akwatin gilashi ne da raga a tsakiya. Nan 'yar tsohon mai gyaran agogo take kai shi duk safiyar Asabar, wai likita ya ce ya motsa jiki. Shi ya san gwaji ne. Tun rasuwar matarsa maƙwabta ke kai wa 'yar labarin yana hira shi kaɗai. Alama ɗaya take jira ta kulle gidansa, ta kwashe shi zuwa nata.

Kuskurensa bai canza ba. In ƙwallo ta taho da ƙarfi, sai ya tare ta kafin ta wuce shi, ta faɗa raga.

"Baba, ba ɓarauniya ba ce," in ji kocin. "Bar ta ta wuce, ta bugi gilashin baya. Ka juya ka jira, da kanta za ta dawo."

"Wuyana ke ciwo."

"Makon jiya gwiwa ka ce," in ji 'yar.

Wuyan lafiyarsa ƙalau. Ranar farko ya juya. Su huɗu ne a filin, shi da 'yarsa da wasu ma'aikatan banki biyu, amma a gilashin akwai ta biyar. Matarsa ce, tsaye dab da kafaɗarsa, ta naɗe hannu a ƙirji, irin tsayuwar da take yi in ya ɓata abu.

Yau da ya sake jefa ƙwallo a raga, 'yar ta matso.

"Magana ɗaya ta gagare ka riƙewa, Baba. To yaya ake ƙarewa da murhun gas?"

Ya gane. Da ƙwallo ta gaba ta taho, ya janye raket, ya bar ta ta wuce, ya juya.

Matarsa tana nan a gilashin, ta ma ƙara matsowa. Ƙwallon ta bugi gilashi daidai ƙirjinta, ta ɗan jima a wurin fiye da yadda ƙwallo ke jimawa.

"Jira," ta ce, a kunnensa na hagu. "Kai kullum gaggawa. Yanzu."

Ya kai raket ƙasa ya ɗago ta a hankali. Ta haye raga, ta ratsa tsakanin ma'aikatan bankin. Kocin ya tafa.

Ya dubi 'yarsa. Ita ma ta juya tare da shi, yadda ake koya wa abokan wasa, kuma har yanzu ba ta juyo ba. Leɓenta ya bushe.

"Kin ga wani abu ne, 'yar nan?"

"A'a."

"Ni ma haka."

Suka shiga mota. Da suka isa ƙofar gidansa ba ta kashe injin ba.

"Ka yi zamanka a gidanka, Baba."

Ya sauka, ya rufe ƙofa. Ta ƙara jira kaɗan, idonta a kan sitiyari, kamar mai jiran wani ya gama sauka. Sannan ta ja motar.