Ranar da Muka Tsige Fuji

Gidan da ɗana ya kama haya yana can ƙarshen unguwar Taman Melati, a ƙasar 'yan Malay, inda kwalta take ƙarewa dutse ya fara. Tsohon gida ne, amma filinsa ya ninka ginin sau uku, kuma rabin filin rumfar ƙarfe ce wadda wani tsiro ya haye ya lulluɓe. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koya wa 'yan mata ilimin tsirrai a Kano, ban taɓa ganin irinsa ba. Gindinsa ya kai kaurin cinyar ƙato, a murɗe kamar wankin da aka matse. Ganyensa ya so ya yi kama da na darbejiya, sai dai ya fi laushi. In mutum ya zauna ƙarƙashinsa da hantsi, hasken da yake saukowa kore ne, har tafin hannu sai ya koma kore.

Mai gidan wata tsohuwa ce sa'ata, Mak Cik Sadiah, mai sayar da shinkafar kwakwa a Kampung Baru. Duk Juma'a da la'asar takan zo ta tsaya ƙarƙashin rumfar ta ɗaga kai. Surukata Khaulah ce take yi mana tafinta. Ta bakinta na ji cewa mijin Mak Cik ne ya zo da tsiron daga Japan, lokacin tsiron yana ɗan reshe guda a cikin jakar hannu. A littafi wisteriya ake ce masa, amma shi marigayin fuji yake kiransa, mu ma muka bi. Mak Cik ta nuna mini hoton yadda yake yi a ƙasarsu: furanni ruwan malmo sun zubo daga sama, kowace zangarniya ta kai tsawon hannu, mutane suna tafiya a ƙasa kamar masu yawo cikin ruwan sama mai launi. A nan shekararsa goma sha tara bai taɓa fid da fure ko ɗaya ba. Mutumin ya rasu yana jira.

Wata Juma'a Mak Cik ta zo da labarin cewa babban ɗanta ya ce rumfar ta karkata, kuma ya yi magana da ma'aikata. Nan da sati shida za a sare fuji a kwashe ƙarfen.

"Umma, abin a rubuce yake," in ji Dakta, wato ɗan nawa, da na tayar da zancen muna cin abinci. "Sai ya sha sanyi irin na ƙanƙara na wata da watanni kafin ya yi fure. Nan kuwa ko a Disamba fanka muke kunnawa."

"Na san a rubuce yake, ni ma na koyar da shi. Waɗanda suka rubuta sun taɓa tsige zogale?"

Ya yi dariya ya ƙara miya. Ni kuwa na riga na yi nisa. Abin da na sani daga gida shi ne, zogalen da aka tsige tas shi yake dawowa da fure, kuma mangwaron da ya ƙi haihuwa sassara jikinsa ake yi da gatari. A ƙasar sanyi ganye yana zubewa, ruwa yana ɗaukewa, itace ya yi barci. To wa ya tabbatar sanyin yake nema, ba barcin ba? Wannan bawan Allah shekara goma sha tara bai runtsa ba. Ga kuma Khaulah, kullum tana juye masa ruwan wankin shinkafa da na kifi.

"Baƙo ne, Hajiya," ta ce da na hana ta. "Tausayi yake ba ni."

"Kin ciyar da shi har ya manta abin da ya kawo shi. Ki kira mini matan mutanenmu da ke garin nan ranar Asabar."

Ban nemi izinin Mak Cik ba. Na ce a raina, abin da za a sare, me ya rage a ji wa tsoro.

Mata bakwai suka zo, yawancinsu matan ɗalibai. Daso, wadda mijinta yake karatun digiri na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak, ta yo mana tapau, wato ƙunshin gurasar roti, daga wurin mamak mai shayi, ta hau tsani tun kafin ta cire mayafi. Muka yi masa yadda ake yi wa zogale: a kama reshe daga sama, a zuge ganyen da yatsu biyu zuwa ƙasa.

"Hajiya, wannan ana kwaɗonsa?" Aminatu, 'yar autarsu, ta tambaya.

"Ki gwada, mu ga ko za ki kai Magariba."

"Ku dubi yadda yake naɗe ƙarfen," in ji Daso daga sama. "Duk rassan hannu ɗaya suke bi, kuma ba hannun ɗawafi ba ne. Wannan bai taɓa zuwa Makka ba."

"Ke kin je?"

"Ni aƙalla na san hanyar."

Ganye ya yi ta sauka a hankali, yana juyi, yana sauka a kan ɗankwalayenmu da cikin kofunan shayi. Can sai hira ta mutu da kanta, ba a jin komai sai zugar yatsu a jikin reshe. Na rufe ido na ji ni a tsakar gidanmu na Yakasai, ina yarinya, an baza tabarma, manya suna tsige rama. Da na buɗe ido sama ta bayyana a kanmu, fara fat, rassa sun zazzana ta kamar tsagar tsohuwar ƙwarya. Muka sassare saiwoyin gefe da shebur, muka shimfiɗa tamfol a gindin, muka danne da duwatsu don kada ruwan sama ya isa gare shi.

Ranar Juma'a Mak Cik ta shigo ta tsaya cak a bakin ƙofa. Sannan ta taka a hankali ta dafa gindin, ta faɗi wata gajeriyar magana.

"Me ta ce?"

Khaulah ta sunkuyar da kai. "Ta ce sati shida aka ba shi, kin karɓe masa biyar."

Na yi bayanin zogale, na yi na mangwaro, na yi na barci. Khaulah tana juyawa, Mak Cik tana kallon hannuwana. Ba ta karɓi shayi ba ranar.

Daga nan na mayar da ƙailulata ƙarƙashin rumfar, duk da babu inuwa. Nakan shimfiɗa darduma inda bangon kicin ya tare rana, in kwanta ina ƙirga idanun da ke jikin rassa. Wani lokaci barci ya ɗauke ni, sai in ga furannin sun zubo har suna taɓa fuskata, masu sanyi, masu ƙamshin da ban san sunansa ba. A ƙarshen rumfar wani ɗan siririn mutum da hular Malay yana tsaye da almakashi, yana kallon sama, bai taɓa juyowa ba. In farka in tarar da busassun rassa da kukan jirgin ƙasa na LRT daga nesa.

Bayan sati uku na yaye tamfol. A ranar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwana biyar idanun suka kumbura, na hau kujera da gilashina ina duba su ɗaya bayan ɗaya. Idon fure ƙato ne, mai gashi-gashi, na ganye kuwa siriri. Suka buɗe jajaye-jajaye, masu sheƙi. Ganye ne, duk cikinsu.

Ana saura kwana biyu ma'aikata su zo, ina kwance a wurin nan tsakanin barci da ido biyu, iska ta taso daga dutse, sai na ga ɗaya daga cikin ginshiƙan ƙarfen yana lilo. Na ɗauka mafarkin ne bai sake ni ba. Na tashi na je na durƙusa. Tsatsa ta cinye ƙafarsa tuntuni, tsakaninsa da ƙasa akwai tazarar yatsu huɗu. Da can ganye da ciyawa sun rufe wurin. Na zagaya sauran. Cikin ginshiƙai shida, huɗu a rataye suke, fuji ne yake riƙe da su a sama.

Ranar sarewar Mak Cik ta zo tare da ɗanta da maza biyu masu zarto. Ban ce Khaulah ta fassara komai ba. Na kama hannun tsohuwar na kai ta gaban ginshiƙin, na ɗora tafinta a kai na tura. Ƙarfen ya tafi ya dawo. Ta sake turawa da kanta. Ta je ga na biyu, ta je ga na uku, tana tura su kamar mai lallaɓa yara a lilo, har duk rumfar ta ɗauki motsi a hankali, sabon jan ganyen yana rawa a kanmu. Ɗanta yana ta magana da sauri yana nuna rufin kicin. Ba ta kalle shi ba. Da ta gama ta yi wa ma'aikatan magana, muryarta ƙasa-ƙasa, suka dubi juna suka ajiye zarto.

"Ta ce su je su auno sababbin ginshiƙai," in ji Khaulah. "Ta ce wanda ya ɗauki ƙarfe shekara da shekaru bai yi ƙara ba, ba za a biya shi da zarto ba."

Ɗan ya fita yana waya. Mak Cik ta zauna a gefen dardumata, ta cire takalmi, ta ɗaga kai tana kallon rassan. Can ta tambayi wani abu ba tare da ta sauke ido ba.

"Wai ta ce, shi zogalen naku, sau nawa ake tsige shi kafin ya ji?"

"Ki ce mata ban taɓa ƙirgawa ba," na ce. "Ki kuma ɗora mana shayi."