Fangalin da Na Yi wa Tuffar Ayi Liang

Ni fa ban roƙi kowa amanar bishiya ba. Abin da ke kaina ma ya ishe ni. Sau uku a mako nake hawa mota daga Huadu zuwa Xintang, in yini ina juya wandunan jins ɗaya bayan ɗaya saboda 'yan Kantin Kwari da ke aiko mini saƙo, in dawo ƙafafuna sun kumbura kamar na mai tsohon ciki. Baban Surayya kuwa, maigidana, yana aikin kago kusa da filin jirgin Baiyun, ba ya shigowa gida sai ya zama abin tausayi. Shekararmu shida a Guangzhou, duk a gidan Ayi Liang muka yi su, mu a ƙasa, ita a bene.

Ayi Liang, wato Inna Liang a yarensu, tsohuwa ce, ta haura saba'in, gajeruwa, ga faɗan tsiya a kan shara. A bayan gidan akwai ɗan filin da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, a tsakiyarsa bishiyar tuffa ƙwaya ɗaya. Mijinta ne ya dasa ta shekara biyu kafin ya rasu. Shi mutumin can arewacin ƙasar ne, inda ake sanyi tuffa ke yi. A nan kudu kowa ya ce masa ba za ta yi ba, ya ƙi ji. Ta dai yi, amma da ƙyar. Shekarar da ta yi abin kirki ta ba da 'ya'ya goma sha wani abu, masu tsamin da zai kashe maka haƙori, tsohuwar kuma ta zauna ta cinye su ɗaya-ɗaya tana lumshe ido.

Farkon watan Maris ta kira ni bayan gida. Za a yi mata aikin gwiwa, za ta zauna wurin 'yarta a Shenzhen wata huɗu. Sinancina na kasuwa ne, nawa ne, ya yi tsada, babu, na gode, don haka sai ta yi wa wayarta magana, wayar ta fassara mini.

"Bali," haka take kiran sunana, Barira ya gagari harshenta, "ki riƙe mini ita da rai har in dawo. Ɗana bai damu da ita ba. Ke nake ganin kina kula da tukwanen barkononki."

Ta nuna mini komai. Ga garin magani shuɗi na fumfuna, a dama da ruwa a fesa duk sati biyu. Ga wani na kwalba saboda ƙwari. Ga ƙananan jakunkunan takarda, in 'ya'yan sun kai girman goro a sa wa kowane ɗa tasa a ɗaure, kada ƙudan 'ya'yan itace ya huda shi. Ta tsinke wani ganye mai baƙin tabo, ta ɗaga shi har gaban hancina, ta tafi da shi tana ɗingishi ta jefa a kwandon shara, ta rufe. Ta sake yi sau biyu, kamar tana koya wa kurma.

Na ce, "Hao, Ayi," wato to. A raina kuwa cewa na yi, tsohuwa, ni za ki koya wa shuka? A Kadawa aka haife ni. Ina shekara bakwai nake bin Baffa, mahaifina, gonar rani da guga.

Ranar da ta tafi na tsaya na ƙare wa bishiyar kallo, sai ta ba ni tausayi. Tsohuwar ta share gindinta tas kamar tsakar gidan amarya, ba ko tsinke, ta kuma tuɗa ƙasar yadda duk ruwan da ya sauka zai gangare ya bi kwata. Wannan a wurinmu rowa ce. Ko mangwaron maƙiyinka ba ka yi masa haka ba. Baffa in ya dasa bishiya, sai ya kewaye ta da kunya ya yi mata fangali, ya zuba mata taki da busasshen ganye, don ko kwano ɗaya aka ba ta kada ɗigo ya ɓace. Na ari fartanyar tsohuwar, na baje tudun, na tayar da kunya mai kyau har rabin ƙwaurina. Na zuba ɓawon kayan miya da guntun ganye. Na ɗebo bokiti biyu na kwarara, na tsaya ina kallon ruwan ya kwanta lif. Wallahi daɗi na ji a ranar.

Baban Surayya ya leƙo ta taga. "Maman Surayya, an ce ki riƙe, ba a ce ki gyara ba."

"Kai dai ji da kwalayenka," na ce masa. "Ɗan Fagge me ya sani a noma?"

Ya janye kansa daga tagar. Shi mutum ne da ba ya jan magana in ya gaji, kullum kuma a gajiye yake.

Sai ga wannan lokacin nasu da bango ke zufa. Wanda bai zauna garin nan ba ba zai yarda ba: tayil ya jiƙe, madubi ya yi hazo, wanki ya kwana uku a igiya yana warin jiƙa, takalmin da ka ajiye ƙarƙashin gado ya fito da gashi kore. A cikin wannan ne darɓa ta sauka wa tuffar. Ƙananan ƙwari ne, sun lulluɓe bayan sabon toho, ganye ya nannaɗe yana danƙo, tururuwa na hawa da sauka. Na fesa na kwalba. Bayan kwana biyar suka dawo. Na dama sabulun wanki na wanke ganyen da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye kan kujerar roba. Darɓa ta tafi, tsutsa ta zo, wata koriya mai naɗe ganye ta shige ciki. Ita da yatsa na bi ta ina murtsukewa, Allah ya yafe mini.

Baƙin tabon nan ma ya fara. Na tsinke ganyen kamar yadda ta ce. Amma da na nufi kwandon shara da su cike da zanina, sai hannuna ya ƙi. Ganye ne fa. A garinmu mata har faɗa suke a kan sharar ganye saboda taki. Na juya na zuba su a fangali, na danna da ƙafa. Daga ƙasa suka fito, su koma ƙasa, ina laifi?

Watan Afrilu sama ta ɓalle. Ruwan garin nan ba ya sallama, ba ya bankwana. Sai ya kwana huɗu yana zuba, ya huta rabin yini, ya dawo. Duk feshin da na yi sai ya wanke shi kafin ya bushe, aikin baban giwa. Fangalina kuwa kullum cike yake taf, har kwaɗi sun samu gida. In na gani sai in ce masha Allah, bana dai bishiyar nan ta ƙoshi. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai in fasa kunyar ba. Wa ke korar ruwan sama daga gindin shuka?

Ta yi 'ya'ya tara. Na sa musu jakunkuna, na ɗauki hoto na aika wa Ayi Liang. Ta maido mini da babban yatsa. Hoton daga sama na ɗauka, gindin bai fito ba, ba kuma da wata manufa ba.

Tsakiyar Mayu ganye ya soma yin rawaya yana langaɓewa. Tabon ya ƙaru, ina tsinkewa yana fitowa. Shuɗin maganin ya ƙare, na ɗauki ledarsa na tafi shagon kayan gona a bakin titi. "Laoban," wato maigida, na ce wa mai shagon, na nuna masa ledar. Ya girgiza kai, "Meiyou," babu. Sai a shago na uku na samu. Na ninka awon, na koma feshi duk mako. Hannuna ya yi shuɗi, faratana suka dafe, har wata mai sayar da jins a Xintang ta tambaye ni ko rini nake yi.

Na gaji. Ba na ɓoyewa, na gaji da bishiyar nan gajiya mai haɗe da haushi. In dawo daga Xintang bayan la'asar, ko mayafi ban cire ba in zagaya baya in tarar da sabon ganye a ƙasa. Wata rana na tsaya na yi mata faɗa kamar mutum. Na ce me kike so ne? Ci na ba ki, sha na ba ki, ƙwari na kashe miki, 'yata ma ban yi wa wannan hidimar ba. A wurinmu shuka in ta langaɓe ƙishi take ji, don haka da aka samu kwana uku ba ruwa aka ƙwalla rana, sai na ƙara mata bokiti biyu.

'Ya'yan suka fara faɗowa a cikin jakunkunansu. Zuwa ƙarshen Yuni saura biyu, ganyen da ya rage kuma za ka iya ƙirga shi daga taga. Na daina aika hoto. In tsohuwar ta turo tambaya sai in ce ana fama da ruwa. Baban Surayya ya ce in gaya mata gaskiya, na ce in ta dawo ta gani da idonta, wataƙila kafin nan bishiyar ta farfaɗo. Tsoro nake ji, shi ke nan.

Ta dawo ranar wata Talata da hantsi, da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu. 'Yarta ta sauke ta ta juya. Ko bene ba ta hau ba, ta zagaya baya, ni kuma ina biye da ita kamar wadda za a kai gaban alƙali.

Ba ganyen ta kalla ba. Ƙasa ta kalla. Ta daɗe tana kallon kunyar nan tawa da ruwan da ke kwance a ciki. Sai ta sa sandar ta fasa gefe ɗaya, ruwan ya kwararo baƙi, ya bi ta kan silifas ɗinta. Ta dafa kafaɗata, da sabuwar gwiwar tata ta durƙusa a cikin taɓon. Ta sa hannu ta yaye ruɓaɓɓen ganyen da na tara wata huɗu. Wari ya taso. Ta sa farce a ɓawon gindin, sai ya saluɓe kamar jiƙaƙƙen kwali. Ƙarƙashinsa baƙi ne, da farin fumfuna. Ta bi shi da yatsa tana neman inda ya rage da rai, har ta zagayo inda ta fara. Babu.

Ta ciro wayar da hannunta mai taɓo, ta yi magana a hankali, ta miƙo mini.

"Ruwa ne ya ruɓar da saiwar. Ganyen da kika zuba kuma shi ke mayar mata da cutar. Duk feshin duniya ba zai yi ba."

Na buɗe baki in ce ban sani ba, sai na tuna kwandon sharar da ta nuna mini sau uku. Na so ta yi mini faɗan nan nata na shara, ta ɗaga murya maƙwabta su leƙo, in samu abin da zan riƙe in ji haushinta. Ba ta yi ba. Hannuna ta kamo, ta juya shi, ta kalli faratan da suka dafe.

"Wa ya koya miki wannan ramin?"

"Babana, Ayi."

"Garinku ba ruwa?"

"Wata huɗu a shekara. Wani lokaci uku."

Ta gyaɗa kai. Na taimaka mata ta miƙe. Ta shiga ɗan ɗakin ajiyar da ke ƙarƙashin matakala, na ji tana ture-turen kaya, ta fito da wani tsohon zarto mai ƙotar katako, an naɗe shi da jarida. Ta sake yi wa wayar magana.

"In ɗana ya gani, ma'aikata zai kira, su gama da ita a minti biyar suna shan taba. Ba na so. Ni kuma hannuna ba ƙarfi. Ke kika wahala da ita."

Na ce, "Ayi, don Allah," da Hausa, don ba ni da wannan a Sinanci. Ba ta sauke hannun da ta miƙo mini zarton da shi ba.

Na karɓa, na ɗaure zanina, na durƙusa a inda ta durƙusa. Itacen a jiƙe yake, zarton sai cijewa yake yi, in ja ya ƙi, in tura ya lanƙwashe. Ban iya ganin inda nake yanka sosai ba, ina ta share ido da kafaɗa. Ita kuwa ta jingine sandarta, ta rungume bishiyar da hannu biyu ta riƙe mini ita don kada ta motsa.